An ƙi sabunta wa 'yata katin nakasa, ina zan dosa?

Maman Ummi, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don kaina ya kulle. 'Yata shekararta 9, tana da galahanga. Ciwon shawara ne ya kama ta tana jaririya. Ba ta tafiya sai an riƙe ta, ba ta ci da kanta, har yau famfas nake sa mata, ga farfaɗiya da ke tasar mata lokaci zuwa lokaci. Tana da katin nakasa na gwamnatinmu ta Kamaru, da shi aka sa sunanta cikin waɗanda ake ba ɗan tallafin magani, da shi kuma muke samun sassauci a wasu wurare. Wa'adin katin ya cika, na haɗa takardu na kai a sabunta. Da na koma sai ma'aikacin ya ce ba za a yi ba, wai sabuwar takardar likita ta nuna nakasarta kashi 40 cikin ɗari ce, kati kuma sai mai 50. Ya turo min dosiyen, wato takardun da na haɗa, ta kan tebur ya kira na bayana. A takardar farko 80 aka rubuta mata. Ba abin da ya ragu a jikin yarinyar nan, nauyi ma ta ƙara, ni mai goyon ta na sani. Babanta ya ce in bar su da Allah, ni kuma zuciyata ta ƙi. Akwai inda ake kai kuka?

Goggon Yara: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar nan, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kashi 40 ga yarinyar da ba ta kai loma baki? Ikon Allah.

Ɗan Kusiri: Hajiya, ba a yi miki bayani ba ne. Turo dosiye ta kan tebur ai magana ce. Ki koma da ɗan abin goro a ciki, ki ga ko 40 ba ta zama 60 ba.

Tsohon Akawu, Gaundare: Kai Ɗan Kusiri, Allah ya shirye ka. Maman Ummi, kafin in ce komai ina da tambaya ɗaya: an ba ki wata takarda mai sa hannu da hatimi da ke cewa an ƙi, ko da baki kawai aka faɗa?

Maman Ummi: Da baki ne Baba. Ko zama ban yi ba.

Tsohon Akawu: To nan za mu fara. Na yi aikin akawu a kotu har na yi ritaya, kuma abin da ya fi kayar da talaka a gabana rashin takarda ne, ba rashin gaskiya ba. Maganar da aka faɗa miki a tsaye, gobe mai ita zai iya cewa bai faɗa ba, ko ya ce cewa ya yi ki ƙaro wani abu. Ba ki da ranar da za ki nuna, ba ki da sunan wanda ya yanke. Saboda haka kada ki yarda dosiyen ya kwana a hannunki a matsayin wanda aka dawo da shi. Ki yi masa fotokofi gaba ɗaya, ki mayar, amma ta wurin da ake karɓar wasiƙu, ba ta teburin mutumin nan ba. A buga miki hatimi da kwanan wata a kan kofinki. Shi muke kira desharji. In sun ƙi, su ƙi a rubuce, su faɗi dalili.

Anti Nas, Marwa: Baba Akawu ya yi gaskiya, amma ni ta wajen likita nake hango matsalar. Shi ma'aikacin ofis lamba yake karantawa. Ƙa'idar ita ce kashi 50 zuwa sama, in ya ga 40 hannunsa a ɗaure yake ko da yana da tausayi. Maman Ummi, ki ba mu labarin ranar da kika kai ta asibiti. Yaya aka yi? Me ya tambaye ki, me kika ce?

Maman Ummi: Da safe muka je. Na yi mata wanka, na sa mata kayan sallarta, na shafa mata kwalli, don ba na son a gan ta a wulaƙance. Ranar kuwa ta tashi da walwala. Tana kan cinyata ta jingina da ƙirjina. Likitan sabo ne, ba wanda ya saba ganin ta ba. Ya miƙa mata biro ta damƙe, ya kira sunanta ta yi masa dariya. Ya ce yaya jikin nata, na ce da sauƙi alhamdulillahi. Ya ce tana cin abinci, na ce tana ci. Ya ce farfaɗiyar fa, na ce tun da take shan magani ta ragu. Shi ke nan ya rubuta. Layi ya yi tsawo a waje.

Anti Nas: Na rantse tun kafin ki faɗa na san haka aka yi. Kullum ina gani. Uwa za ta kwana ba ta runtsa ba, ta zo gaban likita ta ce da sauƙi.

Maman Ummi: To Anti me zan ce? In ce Allah bai yi min komai ba?

Anti Nas: A'a ƙanwata, ki gode wa Allah ki ƙara. Amma duba abin da likitan ya tafi da shi. Ya ga yarinya a zaune, bai san ƙirjinki ne ya tokare ta ba, in kin janye za ta kife. Ya ji tana ci, bai san ke kike dama kunu ki tace, ki ɗaga mata haɓa, ki yi kusan awa kina ba ta cokali cokali tana ƙwarewa ba. Ya ji farfaɗiya ta ragu, bai ji daga nawa zuwa nawa ba. Ba wanda ya ce masa tana sa famfas tana shekara 9, don kin rufe shi da zane mai kyau. Lambar da ake rubutawa awo ne na abin da mutum ba zai iya yi wa kansa ba. In ba a nuna masa ba, a cikin 'yan mintoci ba zai gani ba, musamman wanda bai san ta ba.

Abin da nake ba iyaye shawara: ki sami ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, ki yi mako biyu kina rubuta komai. Ƙarfe nawa ta farka da dare, sau nawa aka canza mata, abincin ya ɗauki minti nawa, ta faɗi ko ba ta faɗi ba, in ta faɗi ya ɗauki tsawon wane lokaci. In ba kya rubutun boko ki yi da ajami, wani ya juya miki. In farfaɗiyar ta taso, bayan kin kwantar da ita a gefenta kin kawar da abin da zai ji mata ciwo, wani ya ɗauki bidiyo da waya. Kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, wannan al'adar tana karya haƙora. Ki tattara kwalayen maganin da ta shanye, da tsofaffin takardun asibiti, da takardar farko mai 80. Ranar da za ku koma, ki ajiye ta a kan gadon gwaji ki matsa gefe, likita ya gani da idonsa.

Malam Ƙarami: Ina da ɗan tsokaci. Ina jin tsoron kada shawarar nan ta zama koya wa mutane ƙara gishiri don a sami lamba. Kuma yawan kai ƙarar jarrabawa ga mutane ba halin mai haƙuri ba ne. Mijinta da ya ce a bar wa Allah bai yi laifi ba.

Anti Nas: Malam, a ina na ce ta ƙara? Cewa na yi ta daina ragewa.

Goggon Yara: Malam, Allah ya gafarta maka, kai ma in ka je asibiti da ciwon ciki ai ba ka ce wa likita lafiya lau. Ka faɗi inda ke ciwo. Wannan ba ƙorafi ba ne, bayani ne. Kuma haƙƙin ba na uwar ba ne balle ta yafe, na yarinyar ne da ba ta da bakin nema.

Malam Ƙarami: Wannan maganar ta ƙarshe na karɓe ta, Goggo. In haƙƙin yarinya ne, waliyyinta bai da ikon sarayar da shi don jin nauyi. Sharaɗina dai a tsaya kan gaskiya, abin da ya faru shi za a rubuta.

Mai Keke, Gidar: Ni shan inna ce ta same ni tun ina yaro, kuma na daɗe a ƙungiyar nakasassu ta garinmu, bari in sa baki. Dokar da muke tsaye a kanta ita ce mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010, kan kariya da ciyar da nakasassu gaba. Ta zauna shekara takwas kafin a fitar da dokar aiwatar da ita a watan Yuli 2018, ku auna irin saurin da ake yi da lamarinmu. A cikin dokar ta 2010 an ce likita ne ke tabbatar da nakasa, ya ba da takarda ta musamman da ke faɗin irin nakasar da kashinta, kuma takardar nan kyauta ce. Ku riƙe wannan, don iyaye da yawa suna biya ba su sani ba. Ta yi maganar yafe kuɗin makaranta gaba ɗaya ko wani sashe, da sassaucin shekaru ga yaron da nakasa ta jinkirta shi, da taimakon magani. Har ta yi maganar alawus ga nakasasshe matalauci da ba ya iya komai da kansa, mai buƙatar kulawa kullum. Wannan na ƙarshen ni dai ban taɓa riƙe hannun wanda ya karɓa ba, amma yana rubuce.

Sai dai kada kowa ya ɗauka katin kuɗi ne. Katin ƙofa ce kawai. In babu shi, duk inda kika je za a ce ina shaida.

Ɗan Kusiri: Ka ji ko? Doka ta yi shekara takwas tana barci, alawus ba wanda ya gani, amma ni da na faɗi hanyar da ke aiki an ce Allah ya shirye ni.

Mai Keke: Hanyarka tana aiki sau ɗaya. Wa'adi na gaba farashin ya tashi, kuma ka sa wa duk uwar da ke bayanta a layi haraji. Mu da muke zuwa ofisoshin nan har mu mutu, mu ne muke biyan abin da irinku suka saba wa mutane. Ban da haka, a nan ba wanda ya nemi komai a hannunta, kai ne ka kawo zancen.

Ɗan Kusiri: To na yi shiru. Amma ku rubuta ku ajiye, takarda ba ta tafiya da ƙafarta a ƙasar nan. In ba goro, to a nemi wanda ya san wani. Ta je wurin jauron unguwarsu ko wani na fadar lamido ya yi mata magana.

Tsohon Akawu: Wannan ban ƙi ba. Rakiya ba laifi ba ce, mutum mai mutunci ya tsaya kusa da ita ya sa a saurare ta. Amma rakiya ba ta tsayar da kwanakin da doka ta ƙidaya, kuma nan ne nake so ku buɗe kunne.

Dokar kotunan da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma ita ce mai lamba 2006/022 ta 29 ga Disamba 2006. Ta ce ba za ka kai hukuma kotu kai tsaye ba, sai ka fara rubuta mata takardar neman ta sake duba hukuncinta. Kana da wata 3 daga ranar da aka sanar da kai hukuncin. In ka rubuta suka yi shiru har wata 3, doka ta ɗauki shirun a matsayin sun ƙi. Daga nan kana da kwana 60 ka shigar da ƙara. In kwanakin nan suka wuce, ko gaskiyarka ta kai girman dutsen Tingilin, alƙali ba zai buɗe dosiyen ba. Na ga mutane da yawa da aka yi ta ce musu dawo mako mai zuwa, dawo bayan salla, shugaba ya yi tafiya, suna ta dawowa cikin ladabi har lokacinsu ya ƙone.

Abu na biyu da ke kayar da mutane: aika takardar ga wanda ba shi ba. Ana rubuta ta ne ga hukumar da ta yanke hukuncin, ko wadda doka ta ba ikon wakiltar ta. Shi ya sa nake nacewa a sami ƙin a rubuce, don sa hannun da ke ƙasa shi zai nuna miki wanda za ki rubuta wa. Ki kuma aika kofi ga na sama da shi.

Kotun irin wannan shari'a akwai ta a Garwa, akwai a Marwa, akwai a nan Gaundare, ba sai an je Yawunde ba kamar da. Wanda ba shi da halin lauya kuma akwai dokar 2009 ta taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, ana nema a kotu.

Anti Nas: Baba, da girmanka, amma kotu a kan kati? Kafin a yanke ai yarinyar ta yi girma. Ni a ganina ta bar zancen ƙara, ta sami sabuwar takardar likita mai lambar gaskiya, ta shigar da sabon dosiye. Mako nawa ne?

Tsohon Akawu: 'Yata, ban ce ta je kotu ba, kuma ina fatan ba za ta je ba. Hanyarki ita ce mai sauri, ita za ta fara bi. Amma a ce likita na biyu ya ƙi saɓa wa abokin aikinsa, ko a ce ofis ya ce ga takardu biyu masu karo da juna, sai mun yi nazari. Wata uku ta wuce tana jira. Me ya rage mata? Takardar neman sake dubawa shafi ɗaya ce da tambur, wato kan sarkin da ake mannawa, ba ta hana ta zuwa asibiti. Kuma na lura, dosiyen da aka san mai shi yana ƙirga kwana ba ya daɗewa a ƙasan tari.

Anti Nas: Na yarda, a yi duka biyun.

Maman Ummi: Baba, me za a rubuta a ciki? Faransancina na kasuwa ne.

Tsohon Akawu: Ki sami ɗalibi ko malamin makaranta a unguwa, kada ki ba masu rubutu na bakin ofis su cika ta da kirari da roƙo. Ba bara kike yi ba. Sunanki da na yarinya da inda za a same ki. Lambar tsohon katin. Ranar da kika kai dosiye da ranar da aka ce an ƙi. Dalilin da aka ba ki. Sai ki ce ba ki yarda ba saboda takardar farko ta ce 80, larurar kuma ba mai warkewa ba ce, ga abin da yarinyar ba ta iya yi, ki jera su gajeru. Ki rufe da abin da kike nema a fili: a janye ƙin, a sake gwada ta wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, a sabunta katin. Ki lissafa takardun da kika haɗa. Tambur ya koma sefa 1,500 tun 2023, ki manna. Asalin takardunki kuma kada su bar hannunki, kofi ake bayarwa.

Ki kuma duba rubutun sunanta a takardar haihuwa da tsohon kati da takardar likita. Harafi ɗaya in ya bambanta, wani zai iya fakewa da shi.

Baƙuwar Njamena: Ina biye da ku daga tsallaken kogi. Mu ma nan Chadi muna da doka tun 2007 kan kare nakasassu, har da ranarsu ta ƙasa 7 ga Fabrairu, a yi jawabi a raba kekuna a watse. Ɗan yayata kurma ne, kuma wallahi zancen da sauƙi ɗin nan kamar a gidanmu aka yi shi. Littafin Anti Nas zan sa ta fara yau.

Uwar Biyu, Mokolo: Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne ita kanta uwar. Ku da kuke cewa je asibiti, je ofis, koma, wa zai riƙe yarinyar? Nawa ɗan shekararsa 12, ba ya hawa mashin sai mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na rungume da shi a baya. Kowace fita kuɗin kilando, wato mashin ɗin haya, biyu ne, ga zafin rana yana tayar masa da ciwon. Ranar da na fita kuma ba tuya, ba ciniki. Mutane suna ganin kamar sakaci ne ke sa mu bari, alhali lissafi ne.

Goggon Yara: Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Maman Ummi, ina baban nata a ciki? In ba zai je ofis ba, ai zai iya zama da ita rabin yini.

Maman Ummi: Goggo, ba mugu ba ne, shi ke sayen maganin ko da bashi. Abin da ke damun sa, ba ya son a ce ya kai 'yarsa ana nunawa don a ba shi wani abu. Har katin farko ma sai da yayansa ya sa baki.

Malam Ƙarami: To a sake nemo yayan. In kuma ana so, ki ba shi abin da aka tattauna a nan ya karanta da kansa. Namiji yakan ji nauyin abin da ya ɗauka sadaka ce. A nuna masa doka ce ta ba 'yarsa, kuma sa hannunsa a takardar zai ƙara mata nauyi.

Mai Keke: Uwar Biyu, shi ya sa ake ƙungiya. Ajiye takarda da karɓo desharji ba sai da yaron ba, ba ma sai uwar ba in ta sa hannu. Ranar likita ce kaɗai dole a gan shi. A Garwa akwai ƙungiyoyin nakasassu da na iyaye, Maman Ummi ki tambaya a wurin gashin ƙashi inda kike kai ta, iyayen da ke layi za su nuna miki. Mai yi mata gashin ma ki roƙe shi ya rubuta ɗan rahoto, shi ya fi kowa sanin abin da gaɓoɓinta ke iya yi. Ke kuma da kike Arewa Mai Nisa, ki bincika cibiyar Baitalami da ke Muda kusa da Marwa, sun daɗe suna aiki da yara irin naki.

Uwar Biyu: Na ji sunanta. Nisa ne dai, amma zan tambaya.

Maman Ummi: Jama'a na dawo da labari. Ƙanin babanta ya raka ni. Da farko mai karɓar wasiƙu ya ce ba a ba da desharji a kan irin wannan dosiye. Yaron ya ce to a rubuta mana a bayan kofin cewa ba a bayarwa. Sai mutumin ya dube mu, ya jawo hatimi ya buga. Wata mata a ofishin kuma da ta ga hoton Ummi ta kira ni gefe ta ce in kawo sabuwar takardar likita da wuri, ita ma ta ga lambar ba ta yi kama da yarinyar ba. Mun sami ranar ganin likitan yara. Littafin na fara, shafi huɗu ya cika tun yanzu, ni kaina da na karanta sai da na ajiye shi.

Anti Nas: Madalla. Ki tafi da shi yadda yake, kada ki sake kwafe shi don ya yi kyau. In likita ya tambaye ki, ki fara da daren da ya fi muni a cikin makon, sannan ki faɗi mai sauƙin. Kuma kada ki rage mata magani ko ki tsallake don a ga ciwon, na taɓa jin masu yin haka, hatsari ne babba.

Ɗan Kusiri: Ƙanin miji ya iya aiki. Amma kati bai fito ba tukuna, ina nan ina kallo.

Tsohon Akawu: Kalla da kyau. Maman Ummi, ki rubuta ranar da ke jikin hatimin nan a bangon littafin, ki ƙirga wata uku ki rubuta ita ma. Maganar matar da ta kira ki gefe mai daɗi ce, Allah ya saka mata, amma ita ma da baki ce.

Direban Tirela: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa tun da masana na kusa. Ina aiki da kamfani, ana yanka min CNPS, wato inshorar ma'aikata, ina karɓar kuɗin yara. Babban ɗana yana da taɓin ƙwaƙwalwa tun yana ƙarami, bai taɓa zama aji ba, yanzu ya doshi 18. Abokan aiki sun ce da ya cika za a cire shi. Haka ne? Kuma katin da kuke magana shi zan kai musu?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Wannan wani gida ne daban, da dokarsa daban, kada ka haɗa su. Kuɗin yara na CNPS na ma'aikacin da ake yanka wa ne, an ɗaga shi daga sefa 2,800 zuwa 4,500 kowane yaro a wata a 2024. Yaron da ke karatu, ko wanda nakasa ko ciwo marar warkewa ya hana shi aiki, ana biya masa har shekara 21. Inda sauran yaranka ke kai takardar shaidar makaranta, shi takardar likita za ka kai masa, tare da ta shaidar yana raye yana hannunka. Ka haɗa da kofin katin in yana da shi, ba zai cutar ba, amma takardar likitan ce abin dogaro. Ka kai tun kafin ranar haihuwar tasa, kada ka jira a tsayar sannan ka fara bi. In an sami saɓani, su suna da kwamitinsu na sake dubawa a cikin gida, daga nan sai hukumar da ke sauraron rigingimun inshorar ma'aikata, ba kotun da na faɗa wa Maman Ummi ba.

Direban Tirela: Na gode Baba. Matsalar ina hanyar Gaundare zuwa Kusiri kusan kullum, uwarsa ce za ta kai shi wurin likita.

Anti Nas: To ka tura mata abin da muka rubuta a sama tun daga farko, ka ce ta nemi littafi. In ba ta karatu, ka sa a karanta mata, ko ka kira ni ta akwatin sirri in yi mata bayani da murya.

Mai kula da zaure: Na maƙala wannan tattaunawa a sama don masu zuwa daga baya. Roƙo ɗaya: kada kowa ya sa hoton takardar likita ko katin yaro a nan, akwai suna da lamba a jiki. Baba Akawu, mutum uku sun tambaye ni samfurin takardar da Faransanci. In ka rubuta, ka bar gurbin suna da kwanan wata, ka turo min in sa.

Tsohon Akawu: Bayan la'asar in sha Allah, jikana ne mai buga min kuma yana makaranta.